Abincin Ƙasar Tailan: Guzurin Matafiyi Zuwa Bankok

Da wuya a sami gida a cikinmu da bai taɓa dafa shinkafa 'yar Tailan ba. Haka kuma 'yan kasuwarmu sun daɗe suna zuwa Bankok, babban birnin ƙasar, domin sarin tufafi a kasuwar Pratunam. Sai dai da yawansu kan dawo a rame, saboda tsoron naman alade ya tsare su a masauki, daga burodi sai shayi. Mu ma haka muka yi kwana 3 na farko, har guzurin kilishinmu ya ƙare.

Ranar Juma'a ce ta buɗe mana ido. Mun yi salla a masallacin Haruna da ke unguwar Bang Rak, kusa da kogin Chao Phraya. Da muka fito sai muka tarar da masu sayar da abinci a lungun masallacin, dukansu Musulmi. Ashe ko da yake mafi yawan mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne, akwai Musulmi masu yawa a Bankok da lardunan kudu kamar Pattani da Yala da Narathiwat, kuma suna da hannu a girkin ƙasar tun da daɗewa.

Babban shaida shi ne miyar da ake kira massaman. Masana na danganta sunan da kalmar Farisanci mai nufin Musulmi, wadda 'yan lakwal suka sani da "musulman". Ana jin ta samo asali ne a ƙarni na 17, zamanin da fataken Farisa ke zaune a tsohon birnin Ayutthaya. Ana dafa ta da naman sa ko kaza, da dankalin turawa, da gyaɗa, da madarar kwakwa, da tsamiya, da kirfa da kanumfari. Ba ta da yaji sosai, don haka ita ce ta fi dacewa baƙo ya fara da ita. A shekarar 2011 tashar CNN ta sa ta a sahun farko cikin abinci 50 mafi daɗi a duniya. Shaida na biyu shi ne khao mok kai, wato shinkafa da aka dafa da kurkum har ta yi rawaya, tare da kaza da soyayyar albasa. Wannan kusan kullum a hannun Musulmi ake samunsa.

Bayan da bakinmu ya saba, sai muka gwada tom yum kung, romon jatan lande mai tsami da yaji. Ana sa masa lemun tsami, da barkono, da wata saiwa 'yar'uwar citta, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke sa wa shayi. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta shigar da shi cikin al'adun gado na ɗan Adam. Akwai kuma pad thai, taliyar shinkafa da ake soyawa da ƙwai da tsamiya, a barbaɗa gyaɗa a kai. Sai som tam, ɗanyar gwanda da ake yankawa siri-siri a kirɓa a turmi da barkono da lemun tsami. Muna gargaɗin mai karatu: yajinsa na sa dattijo hawaye. Gishirin yawancin waɗannan shi ne nam pla, ruwan kifin da aka tsima da gishiri. Kamar daddawa yake: warinsa a kwalba, daɗinsa a tukunya. Wanda ya je a watan Afrilu ko Mayu kada ya bari mangwaro da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa su wuce shi.

To, yaya mutum zai tsare kansa? Da farko ya nemi tambarin halal na majalisar koli ta Musuluncin ƙasar, wanda ke da siffar lu'ulu'u da rubutun Larabci a ciki. Sannan ya riƙe kalmomi kaɗan: "mu" alade, "kai" kaza, "pla" kifi, "kung" jatan lande. "Mai phet" na nufin ba yaji. Amma cewa a cire alade bai wadatar ba, domin a kasko ɗaya ake suya, wani lokaci ma da kitsensa. Abin da ya fi shi ne a ci a wurin Musulmi. Ana samunsu kusa da kowane masallaci, da layin Larabawa na unguwar Nana.

Taka tsantsan wajibi ne, amma zama da yunwa ba shi ne tsoron Allah ba. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su ga iyalansu lafiya, amin.