Iska ce ta kwashe kwanon, ko tsatsa?

Inshorar da yawancinmu muka sani a Diffa ita ce ta mota, wadda jandarma ke tambaya a bakin hanya. Ta gida kuwa sai ɗaiɗaiku, galibi malamai da ma'aikatan da suka ci bashin banki suka yi gini, aka tura musu takarda cikin tarin takardu suka sa hannu. Mutum ya biya kuɗin shekara, ya ajiye takardar a ƙasan akwati, ya ɗauka duk abin da ya sami rufinsa an ɗauke masa. Ba haka kamfani ya fahimci cinikin ba, kuma ba a gane bambancin sai ranar da kwano ya tashi.

Wani abokin aikina, makarantarmu ɗaya, iskar farkon damina ta yaye masa rufin ɗaki biyu a dare guda. Irin iskar nan da ke riga ruwa isowa, sama ta yi ja daga gabas, ƙura ta toshe gari. Da yake ni ke koyar da Faransanci, ya kawo mini takardar muka zauna a kanta. Ya sanar da kamfani a kan lokaci, aka turo masani ya hau tsani, ya ɗaga falle, ya soka wuƙa a katako, ya ɗauki hoto. Amsar da ta zo ba ta musanta an yi iska ba. Cewa ta yi gara ta riga ta cinye katakon, tsatsa ta buɗe ramukan ƙusa, saboda haka rufin ya mutu tun kafin daren, iska jana'iza kawai ta yi masa.

A nan duk rigimar take. Inshora na biyan abin da ya auku farat ɗaya daga waje, wanda aka ambaci sunansa a takarda: gobara, tsawa, guguwa idan an saye ta. Ba ta biyan tsufa, ba ta biyan rashin gyara. Rufi kuwa a ƙasarmu a hankali yake mutuwa. Zafin watan Afrilu da Mayu ya buɗa kwano da rana, dare ya tsuke shi, ƙusa ta yi ta sassautawa shekara bayan shekara, ruwa ya bi ramin ya jiƙa katako, gara ta samu hanya. Ranar da iska ta zo, mai gida iska ya gani, masani kuma shekara goma sha biyar ya gani. Kowa na da gaskiyarsa, sai dai ɗaya daga cikinsu ne ke riƙe da alƙalami, kuma kamfani ne ya biya shi kuɗin hawa tsanin.

Takardar abokina ta ƙara wasu sharuɗɗa da aka gado daga salon kwangilolin Faransa. Ba kowace iska ce guguwa ba. Sai ta yi ƙarfin da ta lalata wasu gine-gine masu ƙwari a yankin, ko a kawo shaidar hukumar yanayi cewa gudunta ya wuce kilomita 100 a awa. Kuma kwanon da ba a ɗaure shi yadda ƙa'idar gini ta ce ba, ba ya cikin lissafi. To, ku zaga unguwanninmu ku ƙirga gidajen da aka danne kwanonsu da bulo da tsohuwar taya. Wanda ya sayar da takardar ya san irin ginin da muke yi, ai a garin yake kwana. Bai hau rufin ya duba ba ranar karɓar kuɗi. Wannan ne abin da ban yafe wa kamfanonin ba: idon da suke buɗewa ranar biya, da sun buɗe shi ranar saye, da mutum ya san matsayinsa.

Ko an yarda za a biya, akwai ragin tsufa, abin da suke rubutawa vétusté. Ƙa'idar ita ce inshora ba ta sa ka fi yadda kake kafin asara. A ce sabon rufi zai ci sefa miliyan 1, masani ya ce naka ya ci rabin rayuwarsa, an koma jaka 500. A cire kason da takarda ta ce kai za ka ɗauka a kowace asara. Idan kuma ka rage darajar gidan lokacin saye don kuɗin shekara ya yi sauƙi, a sake rage maka daidai da yadda ka rage. Abin da ya saura wani lokaci bai kai kuɗin kafinta ba.

Dokar da ke kan wannan duka ba ta Nijar kaɗai ba ce. Kundin CIMA ne, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, wadda ta haɗa ƙasashe 14 a kan dokar inshora guda. Sashe na 13, tun gyaran 2011, ya ce idan ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya. Malamin da albashinsa ya makara, ya ce bari wata ya ƙare ya sabunta, idan iska ta zo a tsakani ba shi da ta cewa. Sashe na 12 ya wajabta sanar da kamfani cikin wa'adin da takarda ta yanka, wanda ba zai gaza kwana 5 na aiki ba. Mu kuma al'adarmu, da gari ya waye maƙwabta sun taru, an tsinto kwanon, an buga shi, don yara ba za su kwana a fili ba. Kafin masani ya iso daga nesa, shaidar ta tafi. Amma kundin bai bar mai gida hannu wofi ba. Duk sharaɗin da zai hana biya sai an rubuta shi ɓaro-ɓaro yadda ido zai gan shi, in ba haka ba bai da ƙarfi. Kana da damar kawo naka masanin ya ƙalubalanci nasu, kuma kana da shekara 2 ka bi haƙƙinka.

A bakin Komadugu akwai abubuwa biyu da suka fi iska cin rufi, kuma takardar gama-gari ba ta san su ba. Na farko kogin kansa. Ruwansa daga Hadeja da Jama'are yake tahowa, sai ya cika wajen Oktoba da Nuwamba, bayan mu mun daina ganin hadari. Haka ya yi a 2019, ya raba dubban mutane da gidajensu. Ruwa ya jiƙa gindin bangon ƙasa, bango ya zauna, rufi ya biyo shi. A wurin kamfani wannan ambaliya ce, kuma sai wanda ya saye ta daban. Ko a Amurka inshorar gida ta yau da kullum ba ta ɗaukar ambaliya, shi ya sa gwamnati ta kafa nata shirin a 1968. Faransa ta bi wata hanya a 1982, ta lanƙaya kariyar bala'o'i a jikin kowace inshorar dukiya. Na biyu rikici. Mutanen Assaga da harin Boko Haram ya tasa daga bakin kogi a 2015 suka dawo gefen babbar hanya RN1, sun bar gidaje da rufinsu. Da a ce kowane ɗayansu na da takarda, kundin CIMA ya riga ya ce kamfani ba ya ɗaukar asarar yaƙi da tarzoma sai an yi yarjejeniya ta musamman.

Duk da haka ba na ce wa kowa ya yaga takardarsa. Gobara ta gaske ce, kuma a can inshora ta fi yin aikinta. Abin da nake gaya wa 'yan uwana malamai da iyayen da ke cikin kwamitin makaranta, tunda rufin aji ma haka yake tashi, shi ne a watan Mayu a sa kafinta ya hau ya ƙara ƙusa, ya canza katakon da gara ta taɓa, a karɓi rasit, a ɗauki hoto da waya. Idan iska ta yi ɓarna, a ɗauki hoto kafin a taɓa komai, har da na gidajen maƙwabta da abin ya shafa, a rufe da tamfol, a rubuta wa kamfani a ranar, a riƙe kwafi mai hatimi. Kafin a sabunta kuma a sa wakilin kamfani ya nuna da yatsa layin da ya ce guguwa, da layin da ya ce ambaliya, da kason da za a cire.