Waken Soya da Sawun Tarakta

Mu mutanen ƙasar Yawuri an san mu da kifi da albasa da shinkafa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, iyalai da yawa suka bar tsibiransu da fadamunsu, suka koyi noman sabuwar ƙasa. Waken soya kuwa baƙo ne a wurinmu. Tibi na ƙasar Binuwai sun daɗe da shi kafin ya iso gonakin Yelwa da Ngaski da Shanga. Matanmu ne suka fara ba shi daraja, gama da shi suke yin awara da madara da daddawa, yara su sami abinci mai gina jiki a gidan da ba kullum ake ɗora nama ba.

Amma wannan wake yana da hali nasa. Saiwarsa guda ce babba mai nutsawa ƙasa, da ƙanana kewaye da ita. In kun tuge ɗaya kuka wanke, za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to, yana aiki, watau ƙwayoyin da ke zaune a ciki suna ɗebo naitirojin daga iska suna ciyad da shukar. Masu bincike na IITA a Ibadan sun fitar da iri mai suna TGx, wanda ke yin ƙulle-ƙullen nan da ƙwayoyin da ke cikin ƙasarmu tun asali. Sai dai su ma suna bukatar iska, ƙasar da ta daskare kuwa ba iska a cikinta.

A nan ne damuwarmu take. Tarakta ɗaya ce, masu jira da yawa. Sau da dama takan zo kashegarin babban ruwa, maigida ya rasa abin yi: in ya ce a dakata, layi ya wuce shi; in ya yarda, nauyin ƙarfe ya danne jiƙaƙƙiyar laka. Daga sama gona ta yi kyau, amma ƙarƙashin inda garma ta tsaya ƙasa ta zama kamar daɓe. Saiwa ta iso nan sai ta lanƙwashe, ta bi gefe. Ruwa ya ɗauke kwana goma, ganye ya yi yaushi, alhali ga danshi can ƙasa. Injin shuka ma haka ne: a jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan shafe bangon ramin kamar yaɓe, saiwa ta kasa huda shi.

Saboda haka muka riƙe gwajin da kakanninmu suka sani. Dunƙula ƙasa a hannu, ka sake ta daga tsayin ƙugu. In ta wargaje, a shiga gona. In ta faɗi dunƙule, a haƙura, ko da za a koma ga garmar shanu da sungumi. Kada zurfin iri ya wuce santimita 5, domin wake da kansa yake ɗaga ƙasa ya fito. A bar karmami da takin gida su ruɓe a gona, tarakta kuma ta riƙa bin tsohon sawunta.

Kuɗin hayar tarakta gumin iyali ne. Bana kafin girbi, ku ɗauki fartanya da yaranku, ku haƙa gindi biyu, ɗaya a kan sawun taya, ɗaya a gefe, ku gwada saiwoyinsu. Allah ya ba mu damina mai albarka.