Fasinjojin Dare

Shekara tara ina tuƙa zemijan da dare a Lome, ban taɓa ganin mashayar da aka kafa wa allo cewa ta 'yan daudu ce ko ta masu neman jinsinsu ba. Wa zai kafa? Dokar Togo ta 2015 ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku kan irin wannan hulɗa. A Najeriya kuwa, dokar 2014 ta yanke shekara goma ga mai buɗe musu kulob. Abin da ake da shi bai wuce tebur ɗaya a lungun mashayar kowa da kowa wajen Dekon ba, ko ɗakin haya da ake sanar da juna ta WhatsApp, yau nan, gobe can.

Mu masu babur mu muka san hanyar. Akwai wani ɗan daudu a unguwarmu, Agoe Zongo, mai sayar da shinkafa da wake. Da rana layi ake yi a gabansa, alhazai na aiko yara da kwano. Amma daren Asabar ba ya hawa babur a ƙofar gida, sai ya taka har bakin babban titi. Wata rana na tambaye shi me yake samu a cikin gari da yake kashe kuɗin mai haka. Ya ce, "Ɗan'uwa, ni lemo nake sha. Can ne kawai nake dariya ban waiga ba."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, saboda asalinmu. Zango masaukin baƙo ne, inda fatake ke sauke kaya maigida ya ba su ɗaki. A 1977 gwamnati ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar Lome, aka kwaso iyayenmu zuwa nan bayan gari. Har gobe tsofaffi na ba da labarin. Mun san ɗacin a ce maka tashi, ba a son ganinka.

Ni Musulmi ne, na san abin da malamai suka faɗa, kuma ba musu na zo yi ba. Sai dai su ɗin ne suka karantar da mu haƙƙin maƙwabci. Sau biyu ina tsintar irin waɗannan fasinjoji da asuba, an ƙwace musu waya, baki na jini. Ba wanda ya yarda in kai shi wajen 'yan sanda, don in ya kai ƙara shi za a fara tuhuma. Ɓarayin ma sun san da haka, shi ya sa suke dakonsu.

Hisabi na Allah ne. Roƙona ga 'yan'uwana masu zemijan kaɗan ne: inda ka sauke fasinja amana ce, kada ka mai da ita hirar teburin mai shayi. Wanda kuma ka gani a yashe bakin titi, fara kai shi asibiti, tambaya ta biyo baya.