Ashe Kujerar Ba Gado Ba Ce

Mu yaran Bunkure da muka taso muna tsinkar tumatir a gonakin da ruwan Tiga ke shayarwa, sanata ɗaya muka sani: Kabiru Ibrahim Gaya. Ya yi gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993. Tun 2007, muna tatata, yake wakiltar Kano ta Kudu, sau huɗu ana zaɓensa. Har muka ɗauka kujerar gado ce.

Shi ne shugaban kwamitin Majalisar Dattawa kan hukumar zaɓe lokacin da aka yi Dokar Zaɓe ta 2022. A ƙarƙashin wannan doka aka yi zaɓen 2023, Kawu Sumaila ya kayar da shi. Ranar muka gane cewa babban yatsan manomin rani ma yana da nauyi.

Ƙannenmu, kun kusa cika shekara 18. Ku yanki katin zaɓe. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi: yaushe za a yashe kachala daga magudanan ruwa? Me zai yi don tumatirinmu ya daina ruɓewa a kwando? Ku rubuta amsarsa, ku ajiye shekara huɗu.