Karta Goma Sha Shida

Sa'ad da aiki ya kai ni Maraɗi, na tarad da waɗansu dattawa suna taruwa gindin wata bishiya bayan la'asar, suna wasan karta da a ke kira belot. Daga Faransa wasan ya zo. Da fari na ƙyamace shi, ina tsammani caca ce, sai na ga ba a aza ko sisi, shayi kaɗai ke zagayawa. A cikinsu akwai wani tsohon akawu wanda abokin wasansa na shekara da shekaru ya rasu, tun daga ranar kuwa kallo kurum ya ke yi. Ran nan ya dube ni ya ce, "Yaro, zauna gabana." Na zauna gabana yana faɗuwa.

Ga yadda wasan ya ke. Mutum huɗu ke yinsa, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Karta 32 ce, iri huɗu, kowane iri takwas, kowane mutum kuma ya sami takwas. A kan zaɓi iri ɗaya ya zama atu, watau irin da ke cin sauran duka. A cikin atu bale ne babba, makinsa 20, sa'an nan tara mai 14. A sauran irin kuwa as ne babba, makinsa 11, goma na biye da shi. Wanda ya ci zagayen ƙarshe a ƙara masa 10, jimla 162 ke nan. Waɗanda suka zaɓi atu tilas su zarce abokan hamayya, in sun kasa a kwashe makin duka a ba wa waɗancan.

Tsohon ya hore ni da abu uku. Kada in karɓi atu sai ina da bale, ko kuwa tara tare da waɗansu masu tsaronta. In mu muka karɓa, in yi ta jawo atu da wuri, don in raba abokan hamayya da makamansu. In riƙa ƙirga abin da ya faɗi ƙasa kuma, gama takwas ba ta fi ƙarfin lissafin kowa ba. Na ce na ji, ashe da kunne kaɗai na ji.

Wata rana wasa ya yi zafi, tsohon ya karɓi atu. Ya jefa as na wani iri wanda ni ke da huɗu daga cikinsa, har da goma. Na gefensa ya bi. Sai zuciya ta ce mini in ɓoye goma, in ci zagaye na gaba da hannuna, a yaba mini. Na jefa bakwai, wadda ba ta da maki ko ɗaya. Da na ƙirga, da na ga kurena: huɗu suna hannuna, biyu suna ƙasa, saura biyu kacal, ta yaya irin nan zai sake zagayawa lafiya? Ai kuwa da aka maimaita, sai aka sare gomata da ƙaramar atu. Muka tashi da 76, su 86. Goman nan ita ce ta raba mu.

Na sunkuyar da kai, ina jiran ya ce a nemo masa wani. Ya daɗe yana haɗa karta, sa'an nan ya ce, "Ɗana, karta nawa ke gare ka?" Na ce, "Takwas, Baba." Ya ce, "A'a, goma sha shida ke gare ka, takwas ka ke gani. Marigayi bai taɓa riƙe goma ba alhali zagaye yana hannuna."

To, mai karatu, in za ka koyi wasan nan, fara da wannan. In abokinka ya riƙe zagaye, zuba masa mai tsada. In na abokan hamayya ne, jefa wofi. Lura da irin da ya fara fitarwa, ka mayar masa da shi, gama da karta ya ke yi maka magana tun da an hana baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kashegari na zo ina jan ƙafa, na tsaya daga nesa. Sai na ga tsohon ya aje hularsa bisa tabarma, daidai wurin da ke fuskantarsa, don kada wani ya zauna.