Hawan Tsaunin Mambila a Motoci Uku

Duk wanda ya yi niyyar kai iyalinsa Tsaunin Mambila da damina, to, kafin ya tambayi wurin kwana, ya kamata ya fara tambayar irin motar da za ta kai shi. Tsaunin nan yana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, a kan iyakarmu da Kamaru, tudunsa kuwa ya kai wajen mita 1,600 bisa teku. A wannan yanki ne kuma dutsen Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya. Ƙasar tana cikin wadda Jamus ta mallaka, daga baya Ingila ta riƙe ta amana, har zuwa 1961 lokacin da mutanen Arewacin Kamaru suka jefa ƙuri'a suka zaɓi shiga Nijeriya, aka raɗa wa lardin sunan Sardauna. Damina a can doguwa ce, ta fi rabin shekara, ƙasar kuwa ja ce, in ta sha ruwa sai ta koma kamar sabulu.

Ɗaurin aure ne ya kai mu wani ƙauye da ke bayan Gembu, ta wajen iyaka. Mu takwas ne: mahaifiyata, da uwargida, da yara uku, da ƙanena, da ni, da direba. Kafin mu je mu dawo sai da muka shiga manyan motoci uku, dukansu masu ja da ƙafa huɗu, watau waɗanda injinsu ke juya tayoyin gaba da na baya gaba ɗaya. Abin da jikinmu ya gaya mana a kan kowace shi ne zan bayyana wa mai karatu.

Daga Jalingo muka tashi bayan sallar asuba a cikin Toyota Land Cruiser ta wani abokin arziki, irin wadda aka ƙera tsakanin 1998 da 2007, mai injin fetur na silinda takwas. Muka bi ta Sunkani da Garba Chede, muka wuce Bali a bakin kogin Taraba, muka nufi Serti, inda hedkwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Nijeriya. A wannan doguwar tafiya babu abin da za a kushe wa motar ta fuskar jin daɗi. Kujerunta layi uku ne, kowa ya sami wurin zama, na'urar sanyi tana aiki, ƙura ba ta shiga. Ramukan da ƙananan motoci ke tsayawa su lallaɓa, ita sai ta haɗiye su, ba a jin komai sai ɗan lilo. Mahaifiyata, wadda ke fama da ciwon gwiwa, barci ta yi ta yi har muka kai Serti.

Amma fa daɗin nan yana da farashi. Da zarar an buɗe layin kujeru na uku, wurin kaya ya ƙare, sai ɗan abin da ba ya ɗaukar fiye da jaka biyu, don haka akwatunan biki a saman mota aka ɗaure su aka rufe da tamfol. Kaya a sama kuwa yana sa doguwar mota rangaji a kan kwana. Sa'an nan ga shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mai irin wannan mota yakan yi lissafi sau biyu kafin ya tayar da ita zuwa wata jiha.

A Mayo Selbe ake fara hawa. Nan hanya take barin ƙasa mai zafi ta kama jikin dutse tana nannaɗewa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo mai zurfi a ɗaya hannun. A nan ne ake samun wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi, wanda mutanen wurin ke cewa sunan ya samo asali daga sule biyu da sisi da ake biyan 'yan dako a zamanin Turawa. Direbanmu ya sa giya ta ƙasa, motar ta hau ba tare da wani nishi ba, ko da yake kowane inji yakan rage ƙarfi in an yi sama, saboda iskar da yake shaƙa ba ta da kauri. Kunnuwanmu suka toshe, yara suka fara neman rigunan sanyi, aka kashe na'urar sanyi aka kunna ta ɗumi. Da muka fito Maisamari sai ga wata duniya: tuddai kore shar har iyakar gani, da garken shanun Fulani, da layukan itatuwan turare, da hazo yana tafe a ƙasa kamar hayaƙi. Muka wuce Nguroje, muka shiga Gembu da la'asar sakaliya.

Mota ta biyu Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, ta mai masaukinmu. A cikinta muka je Kakara kallon gonar shayi, a cikinta kuma aka yi cefanen biki. Ita akori-kura ce, an gina ta don kaya, saboda haka sifirin ɗinta na baya irin na falle-falle ne masu tauri. In bayanta babu komai, kowane dutse ta taka sai ta yi tsalle da mutanen ciki. Amma da aka ɗora mata buhunan shinkafa da na dankalin Turawa da jarkokin manja, sai ta natsu ta kwanta a kan hanya. Mutum biyar kaɗai take ɗauka a ciki, kujerar baya kuma a miƙe take, gwiwa tana taɓa ta gaba. Mu da muka zauna a buɗaɗɗen baya mun sha kallo, mun kuma sha ruwa, domin a kan tsaunin hadari ba ya sallama. Ga manomi ko ɗan kasuwa mai ƙaramin iyali, da wuya a sami wadda ta fi ta amfani. Ga mai tsohuwa da yara uku kuwa, rabin iyali a waje za su kwana.

Ran da za mu shiga ƙauye, direban Land Cruiser ya dubi sama ya dubi ƙasa, ya ce mini, "Alhaji, motar amana ce. Inda kwalta ta ƙare, nan aikina ya ƙare." Mai masaukinmu ma ya ce an kwana ana ruwa, gara mu bi abin da mutanen gari ke bi. Sai muka ɗauki shatar tsohuwar Land Rover a tasha.

Wannan mota ita ce jakin Mambila. A 1948 aka fara ƙera ta a Ingila, samfurin da ake kira Series III kuwa daga 1971 zuwa 1985 aka yi shi, har an taɓa harhaɗa ta a Ibadan. A yawancin garuruwanmu ta zama tarihi, amma a kan tsaunin har yanzu ita ke kai masara da dankali kasuwa, ita ke kai mutane ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba. Dalilan haka a fili suke. Bodinta na alminiyam ne, ruwa da laka ba sa cinye shi da tsatsa kamar baƙin ƙarfe. Nauyinta bai kai tan 2 ba, alhali Land Cruiser ta haura haka, don haka ba ta saurin nutsewa a taɓo, in ma ta nutse majiya ƙarfi kaɗan sun isa su fid da ita. Faɗinta bai kai mita 1.7 ba, waccan kuwa ta kusa mita 2, kuma wannan tazarar ita ce bambancin wucewa da maƙalewa a hanyar da ruwa ya zaizaye gefenta. Bugu da ƙari, injinta ba shi da kwamfuta, bakaniken ƙauye da sifana da guduma yana iya tayar da shi.

Ta fuskar jin daɗi kuwa, sai dai haƙuri. Aka sa mahaifiyata a gaba, sauranmu muka zauna a benci biyu masu fuskantar juna, gwiwa da gwiwa, akwatuna a tsakiya. Ƙarar inji ba ta barin a yi hira, sanyi yana shigowa ta kowace kafa, sitiyari kuma da ƙarfin damtse ake juya shi. A kan wani hawa mai santsi direba ya tsaya ya sa ƙaramar giyar ƙarfi, yaron mota ya sauka da guntun katako yana bin taya a baya, in ta tsaya ya cusa mata don kada ta koma. Mahaifiyata ta riƙe ƙofa da hannu biyu ta ce, "Ɗan nan, anya abin nan zai kai mu?" Ya ce, "Inna, ki yi ta salati kawai. Ta girme ni, ta kuma fi ni sanin hanyar." Haka ta yi ta rarrafe tana gurnani har muka kai tudu. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

A hanyar komowa ne muka ga abin da ya sa maganar motocin nan ta wuce maganar jin daɗi. A wata mararraba mutane suka tare mu da wata mata mai naƙuda, tun dare take fama, sun ɗauko ta a kan gadon kara daga rugarsu suna neman abin da zai kai ta asibiti a Gembu. Mahaifiyata ta sauka da kanta ta koma benci, ta ce a ba ta gaba. Duk girgizar da muka yi wa dariya jiya, yau sai ta zama abin tsoro, domin kowane rami muka faɗa muna jin nishinta. Alhamdu lillahi mun isa da ita da ranta. Amma direban ya gaya mana cewa ba kowace ake isa da ita ba, kuma akwai kwanakin da ko Land Rover ba ta fita, sai babur ko ƙafa.

Tun daga nan nake ganin cewa mota mai daɗi tana ɓoye wa mai ita halin hanya. Babban mutum yakan zo da rani cikin jerin manyan jif, gilashi a rufe, ya tsaya inda kwalta ta tsaya, ya yabi kyan ƙasa da sanyin iska, ya koma. Bai yi ƙarya ba in ya ce hanya ba ta da laifi, domin jikinsa bai gaya masa komai ba. Jiki kuwa magayi. Da masu tsara kasafin hanyoyi za su yi awa biyu a bencin Land Rover a watan Agusta, da hanyoyin ƙauyukan da ke fitar da dankali da masara da shanu sun sami shiga takarda.

Ga masu niyyar zuwa, shawarata ita ce a raba tafiyar. Daga Jalingo zuwa Gembu a nemi babbar mota mai rufi, a rage kaya a sama, a duba birki da tayoyi tun daga gida. A wajen saukowa daga dutse a sa giya ta ƙasa, ko da motar mai canja giya da kanta ce, a bar inji ya riƙe ta, domin birkin da aka danne tun daga sama yakan yi zafi ya saki. Kada a hau ko a sauka da dare ko cikin hazo mai kauri. In za a bar kwalta, a ajiye girman kai a shiga motar 'yan gari tare da direban da ya san kowane rami, a tanadi bargo da matashi saboda tsofaffi. Wanda kuma ke da zaɓi, ya bari sai kaka ta wuce ƙasa ta bushe.

Allah ya kiyaye hanya, ya kuma ba shugabanninmu ikon tunawa da mutanen da ke bayan ƙarshen kwalta, amin.