Sanin Gawo Tun Yana Ƙaya

Karatu: Ayyukan Manzanni 9:26-28, 15:36-40

A kan duwatsun Himalaya akwai wani tsiro da ake kira rododendiron, wanda Nefal ta zaɓa ya zama furen ƙasarta. Ganyensa kore ne duk shekara, yana son sanyi da ƙasa mai tsami, idan kuwa ya yi fure, ko baƙo zai gane shi daga nesa. Da za a kawo shi jigawar Gaya ko Ajingi, bazara ɗaya ta ishe shi. Mu a nan gawo Allah ya ba mu, shi kuwa ba a jiran furensa kafin a san shi. Wanda ya tsaya jira, fartanya za ta riga shi.

Ka san halin babban gawo. Da damina yakan zubar da ganye, ya bar wa gero da wake hasken rana. Da rani, sa'ad da sauran itatuwa suka yi tsirara, sai ya yi kore, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa masu lanƙwasa su ciyar da awaki da shanu. Amma ƙaramin gawo ba shi da kwarjini ko kaɗan. Ɗan kurmin ƙaya ne mai soke ƙafar mai noma. Manomin da ya ƙware yakan durƙusa ya duba: rassan farare ne masu karkacewa nan da can, ƙayoyin bibbiyu a gindin ganye, ganyen kuma kore ne mai ruwan toka. Sai ya zaɓi reshe mafi ƙarfi, ya sassabe sauran, ya tsare shi daga dabbobi. Shekarun da ake ganin kamar ba ya girma, saiwarsa ce take nutsewa neman ruwa.

A shekarar 1983, a yankin Maraɗi, wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan kurmin da manoma suke sarewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka soma gyara tohon maimakon ƙone shi, gonakin da suka zama fili suka sāke samun inuwa. Itatuwan suna nan tun dā, idon da zai gane su ne ya yi ƙaranci.

Irin wannan ido Barnaba yake da shi. Da Shawulu ya zo Urushalima, almajirai ƙayarsa kaɗai suka gani, gama sun san abin da ya yi wa masu bi. Barnaba ne ya kai shi gaban manzanni. Daga baya, da Bulus ya ƙi tafiya da Yohanna Markus saboda ya taɓa komawa daga aiki, Barnaba ya sāke ɗaukar saurayin. A 2 Timoti 4:11, Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus.

Na sha ganin matashi ya daina zuwa sujada don an kira shi mai taurin kai, alhali tambayoyi ne suka cika masa zuciya. Na ga sabon mai bi ya yi tuntuɓe sau ɗaya, 'yan'uwa suka ɗauke masa gaisuwa. Ikkilisiyarmu ƙarama ce, ba mu da itatuwan da za mu yi ɓarna da su. Kafin ka yanke wa wani hukunci a makon nan, durƙusa ka duba shi da kyau. Gyara yana da wurinsa, gama manomi ma yakan sa wuƙa, amma ba ya taɓa saiwa.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu idon da zai gane shukarka tun tana ƙarama, da haƙurin renonta har ta ba da inuwa. A cikin sunan Yesu, Amin.